Alhakin 'Yan Tsaki

Duk yaron da ya sayi injin ƙyanƙyasa ɗan China a zamanin nan sai ya ce shi ma mai sana'a ne. Ya kalli bidiyo a waya, ya jera ƙwai, ya danna maɓalli, ya tafi gidan kallon ƙwallo. In tsaki suka fito iyawarsa ce, in suka ruɓe laifin masu wuta ne. Ku ne kuke tsayawa gaban teburin gawayina a Nasarawa kuna cewa, "Baba Tsako, me ya sa ka bari, ga shi yanzu abin ya zama wasa?" Wasu kuma kun ji a bakin iyayenku mata cewa ni ne tsohon da mai ciki ba ta sayen ƙwai a hannunsa. To ga amsar gaba ɗaya. Karatuna aji uku ne, na ukun ma a kan mangwaron hedimasta na yi rabinsa, saboda haka wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara abinsa.

Ranar da na fara aiki wajen Oga Emeka mai ƙyanƙyasar ƙwai a Romi ban taɓa ƙwai ko ɗaya ba. An sallame ni daga masaƙa a Kakuri, inda babban muƙamina shi ne riƙe tsintsiya, wani ya kai ni wajensa. Oga Inyamuri ne gajere, Hausarsa ta fi tawa yawan zagi. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Wannan ai shebur ne, Malam." Sai ya ba ni dankalin Turawa cike da kwano ya ce in yi ta juya su a kan tire, a hankali, har sai ya daina jin ƙara. Mako guda ina renon dankali. Ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba.

Injinmu na lokacin akwatin katako ne, fitilar kananzir ke ɗumama shi, da farantin ruwa a ƙasa saboda kada ɓawo ya bushe. Kowane ƙwai sai ka yi masa alama da fensir a gefe biyu, ka juya shi da hannu safe da rana da yamma, in ba haka ba ɗan cikin ya manne da ɓawo ya mutu. Muna da ma'aunin zafi, amma Oga bai yarda da shi ba. Ɗaukar ƙwai yake ya kanga a fatar idonsa. In ya ji ɗumi kamar na goshin yaro mai lafiya, daidai ne. In ya ji kamar na mai zazzaɓi, ni ne zan sha zagi. Sannan akwai haskawa: ka shiga ɗaki ka toshe taga da buhu, ka kanga ƙwai a bakin tocila. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwa. Baragurbi kuwa ruwa kawai yake kaɗawa, kuma in ka bar shi ya fashe a cikin inji, ko matarka sai ta yi kwana biyu tana gaishe ka daga nesa.

Masu saye kala-kala ne. Matan Sabon Tasha suna zuwa tun damina ba ta ƙare ba, don kajin su isa yanka kafin Kirsimeti. Hajiyoyin Tudun Wada su kuma lissafinsu Sallah. Akwai wani Alhaji da ya ce mata zalla yake so, in rantse masa. Na ce Alhaji, ko a gidanka ka iya zaɓa? Bai sake zuwa ba. Da Oga ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini inji biyu da rabin zaginsa, na buɗe shagona a Nasarawa. A nan na aurar da 'ya'yana mata, a nan na saya wa ɗana Nasiru keke napep.

Wata ranar Talata ina taimakon wani tsako da ya kasa fasa ɓawo, ina ɓare masa kaɗan-kaɗan da farce don kada jini ya fita, sai na ji mutum tsaye a kaina. Mace ce mai tabarau, 'yar kudancin jihar nan. Ta ce sunanta Dakta Ladi, tana koyar da yara masu karatun likita a wata makaranta, tana neman ƙwai mai zakara, amma ba don ya ƙyanƙyashe ba. Na ce to soyawa za ki yi? Ta yi dariya ta ce, "Baba, hannunka ba ya rawa. Kana son ƙarin aiki?" Hannun da aka kira shebur ke nan.

Aikin buɗe wa ƙwai taga ne, kuma wanda ya ce mai sauƙi ne ya zo in ba shi almakashi. Ƙwai ya yi kwana uku zuwa huɗu a inji, sai ka kwantar da shi a gefe, ka goge da sifirit. Ka huda gindinsa da allura, ka zuƙe farin ƙwai kaɗan da sirinji don ɗan cikin ya sauka ƙasa. Ka manna salatif a sama, ka yanka 'yar taga kamar faɗin farcen babban yatsa. Sannan ka tsira tawada baƙa a ƙarƙashinsa, saboda shi fari ne fes, ba ya ganuwa a kan gwaiduwa. Ƙwan da na lalata kafin in iya wannan, da an soya da an ciyar da Kakuri.

Ran da ta fara sa ni na leƙa madubin likita mai ƙara girman abu, na ja da baya ina salati. Wani abu ne lanƙwashe kamar ƙwayar wake, ga ɗan ɗigo ja yana bugawa, bal, bal, bal. A gefensa akwai toho huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kamar idon dankali ya fara tsira. Ta ce na sama fukafukai ne, na ƙasa ƙafafu. Ta ce in duba bakin tohon sosai. Na ga wani siririn ziri ya bi gefen, kamar kalmasar da tela ke yi wa bakin riga. Ta faɗi sunansa da Turanci, na ce Dakta ki bar shi a kalmasa.

Kalmasar nan ba ita ke zama fiffike ba. Aikinta umarni. Ita ke ce wa naman da ke bayanta, ci gaba, ci gaba, kamar heluma a kan leburori. Muddin tana nan, toho yana tsawo, ƙashin kafaɗa ya fito, sai na gaba, sai yatsu a ƙarshe. In ka sa allura mai siririn baki ka ɗauke ta da wuri, aiki ya tsaya, dungu ne tun daga sama. In ka bari ya ɗan kwana, za a samu har gwiwa, sannan shiru. In ka makara sosai, kan yatsu kawai za a rasa. Akwai kuma wani ɗan wuri a gefen tohon, ɓangaren da ke kallon wutsiya. Shi na sa masa suna mai gyara sahu, domin shi ke faɗa wa kowane yatsa inda zai tsaya. Fiffiken kaza yatsa uku gare shi, in ba ku sani ba, ku da cinye shi kawai kuka iya. In ka ɗebo mai gyara sahu daga wani ƙwan ka dasa a ɗaya gefen, sai umarni ya zo daga wuri biyu, yatsu su fito shida suna kallon juna kamar an kanga madubi.

Da farko taga kawai nake buɗewa. Daga baya, da ɗalibai suka yi yawa, ta koya mini ɗauke kalmasar, in shirya mata waɗanda za ta nuna a aji. Sai in rufe tagar da salatif, a mayar inji, bayan kamar mako a buɗe a ga abin da ya faru. Ba a barin ko ɗaya ya ƙyanƙyashe. A sanyi ake kashe su tun ba su san duniya ba, a rina ƙasusuwan da shuɗi, a ajiye a kwalba. Ni dai bisimilla nake yi kafin kowanne, kamar mahauci. Na tambaye ta amfanin abin, ta ce hannun mutum ma haka ake gina shi a ciki, kuma likitan da bai san yadda ake gini ba ba zai gane inda ya tsaya ba. A gida ban taɓa ba da labarin ba. Cewa nake ina kai ƙwai makaranta, kuma ba ƙarya na yi ba.

Shekarar da ta karya ni ba ta murar tsuntsaye ba ce, ba kuma ta tsadar dusa ba. Waɗannan duk na ga bayansu. Shekarar da matar Nasiru, Rukayya, ta haihu ce. Haihuwar fari, mace, aka sa mata sunan marigayiya matata, ana kiranta Ummi. Yarinya kyakkyawa mai yawan gashi, sai dai hannunta na hagu ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, da wasu 'yan ƙulli a bakinsa kamar ƙwayar dawa. Ina gani na gane. Na ga irinsa a kwalba ya fi a ƙirga.

Rukayya ta tafi wankan gida wajen iyayenta a Makera, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, sai an yi arba'in dangin miji su je su ɗauko ta. Mai zuwa ɗaukowar ita ce yayata, Yaya Asabe, wadda ta riƙe Nasiru tun rasuwar uwarsa. Maganarta a gidanmu ba a ɗaga ta, ni kaina har yau in ta kira sunana sai na duba ko hulata ta karkace. To Yaya ta zauna ta yi tunani, ta tuno. Lokacin da cikin yana wata bakwai sun je kasuwar Kakuri tare, wani mabaraci mai dungu ya miƙo musu ƙoƙo, Rukayya ta juya ta tofar da yawu. Yarinyar nan tun farkon cikinta tofar da yawu take, har gwangwani take yawo da shi. Amma Yaya ta ce a'a, ƙyamar bawan Allah ta yi, shi ne aka nuna mata a jikin 'yarta.

"Ba inda za ni," in ji Yaya. "Ta zauna can. Mai irin wannan hali, na gaba da me za ta zo mana?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. Yana son matarsa, kowa ya sani, amma tuwon Yaya ne ya gina ƙashinsa. Arba'in tana matsowa, ba wanda ya sayi ko turmin zane na ɗauko mai jego, maƙwabta har sun fara tambaya ko takarda za a aika.

Na je wajen Dakta na kwashe mata komai. Ta cire tabarau ta ce, "Baba, hannun ɗan Adam a watan farko yake toho, kafin wata biyu su cika yatsu sun rabu. Sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Me ya tsayar da na jikarka, ban sani ba, ba lalle irin na ƙwai ba ne sak, kuma yawanci ba a ganowa. Amma yawun wata bakwai bai yi ba." Na ce ta ara mini kwalba uku da gilashin ƙara girma. Ta ce, "Ka kai musu magana, kada ka kai musu kwalba." Na ce Dakta, ke kin san ƙwai, ni na san Yaya, sai ta gani da ido. A cikinmu ashe ita ce ta san Yaya.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga Yaya a kan kujera 'yar tsuguno, ga Nasiru, ga kawun Rukayya da ya zo jin matsayin 'yarsu, ga matan maƙwabta da suka zo aron rariya su biyar a lokaci guda. Na ɗauko ƙwai mai ɗumi na buɗe masa taga a gabansu. Ban taɓa yin mai kyau irin na ranar ba, ko ɗigon jini babu. Na miƙa wa Yaya gilashi. Ta leƙa, ta ga zuciya tana bugawa, ta ce, "Ikon Allah! Asabe, yau kin ga abu." Na nuna mata toho, na nuna mata kalmasa, na ce Yaya, kin ga wannan kwanansa huɗu, kaza ma ba ta gama gyara zama a kansa ba, amma an riga an fara hannu. Na mutum ma haka ne. Ranar da kuka je kasuwa, hannun Ummi ya yi wata biyar da tsayawa inda ya tsaya. Kawun ya gyaɗa kai. Nasiru ya matso. Da na tsaya a nan, wataƙila da yanzu ba gawayi nake aunawa ba. Amma bakina ya ji daɗin wa'azi, sai na jawo jaka na jera kwalabe.

Na ce ga wanda aka ɗauke wa kalmasa da wuri, ga wanda aka ɗauke wa a makare, kun ga ya tsaya a gwiwa. Ga kuma mai yatsa shida. Yaya ta ɗauki ta tsakiyar ta ɗaga ta a hasken rana, ta daɗe tana kallon ɗan shuɗin ƙashin nan da ya tsaya a gwiwa.

"Aka ɗauke, aka ɗauke," in ji ta. "Wa ya ɗauke?"

Na ce ni.

"Da hannunka?"

Na ce da allura dai.

"Tun yaushe kake wannan?"

Na ce an daɗe.

Ta ajiye kwalbar a hankali, ta goge hannunta da gefen zane. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗanjuma, halittar Allah tana cikin ɗakinta a rufe, ka fasa mata taga ka yanke mata hannu? Shekara da shekaru? Muna nan muna ɗaukar alhakin 'yar mutane, ashe alhakin 'yan tsaki ne ya biyo gidanmu!" Matan rariya suka ɗauki salati.

Amsa tana bakina, kuma mai kyau ce. Zan ce Yaya, fiffiken kaza ba ya tashi daga kwalba ya shiga cikin mace, kuma Ubangiji ba ya kama jariri da laifin kakansa. Na buɗe baki ke nan sai na ji Nasiru, wanda ya yi wata guda ba a ji muryarsa ba, ya ce, "To Inna, Rukayya fa?"

"Me ta yi?" in ji Yaya. "Yawu ne ba a tofarwa? Ni da na yi cikin Talatu har bokiti na cika. Gobe ni da kaina zan je Makera, kuma da turmi biyu za ni."

Na rufe bakina. Na tattara kwalabe na mayar jaka. Ƙwan da na buɗe na manta ban rufe shi ba, ya huce a kan tabarma.

Labari a Nasarawa ba ya hawa mota. Kafin sati ya zagayo, masu ciki sun fara tsallake titi in sun hango shagona. Matan da suka shekara goma suna sayen tsaki a hannuna suka koma wajen wani yaro a Unguwar Boro. Duk mai ƙyanƙyasa ya san kowane zubi ba a rasa tsako ɗaya mai karkatacciyar ƙafa, zafi ne ko rashin juyi. Ni nawa ya zama shaida. Wata ta dawo mini da shi a leda, ta ajiye daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka rage wannan ba ka ƙarasa ba." Tsaki ba gawayi ba ne, ba sa jiran mai saye, ci suke. Na rage zubi, na sake ragewa, ƙarshe na kashe fitila. Injin Oga Emeka guda wani mai shayi ya saya yana ajiye burodi a ciki.

Dakta ta zo har shago da ta ji. Ta ce za ta je ta zauna da Yaya, ta zo da hotuna, in ya so a kira malami ma ya yi bayani. Na ce Dakta, ki rufa mini asiri ki koma. Gidan nan sai an samu mai laifi ake barci. In kin wanke ni, wa za a shafa wa? Ta koma. Bayan shekara ita ma ta bar makarantar, wuta ba ta zama, ƙwai yana mutuwa kafin ranar aji. Na ji an ce yanzu a waya ake nuna wa ɗaliban, kamar ku.

Yaya ta yanke mini hukunci biyu. Ba ni ba ƙwai har abada, kuma kullum da safe in watsa wa tsuntsaye gero, ko sa yafe. Ina yi. Tattabarun unguwar nan sun yi ƙiba a kaina, ban ga alamar sun san wani tsako ba. Na bar musu gidan na dawo ɗakin da ke bayan shago, don Rukayya ta sake samun ciki kuma Yaya ba ta son in riƙa gittawa. Ta haifi namiji, yatsunsa goma cif, aka ce gero ya yi aiki.

Rukayya ce ke kawo mini abinci da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye kwano. Sau ɗaya ta tsaya ba ta tashi ba, ta ce, "Baba, kawu ya faɗa mini yadda aka yi. Ni na san..." Na ce miyar jiya gishiri ya yi yawa, a rage. Ta ce to. Ba mu sake tayar da maganar ba.

To ku masu inji, in kuna son shawara, ku riƙa kanga ƙwai a ido, ku cire baragurbi da wuri, kada ku taɓa buɗe wa ƙwai taga a gaban danginku. Abin da na sani ke nan.

Ummi yanzu ta isa shiga makaranta. Da wasa irin na kaka da jika nake kiranta amarya, ita kuma ta ce ba ta auren mai baƙin hannu. Ana saura 'yan kwanaki Sallar da ta wuce ta biyo uwarta kawo abinci, Yaya tana daga bayansu da carbi za ta gidan gaisuwa. Yarinyar ta tsaya gaban teburin gawayi ta kalle ni sosai.

"Kaka, wai kai ka cire mini hannu?"

Rukayya ta kama haɓar hijabinta ta cusa a baki. Yaya ta tsaya cak, carbin ya daina tafiya.

Na ce ni ne, amarya.

"Ina ka ajiye?"

Na lalube aljihun dama, na lalube na hagu, na ɗaga hula na duba ciki. Ta yi dariya. Na ce tsufa, na manta inda na sa.

Ta ce, "To ka tuna kafin Sallah. Za a yi mana lalle, ni biyu nake so."

Na ce to.